Ƙarancin sinadarin maza: yadda na bi layin asibiti, da abin da aka ce min kan tsumi, zoɓo da hulba

Wannan magana maza da yawa suna fama da ita, amma a majalisa ba a taɓo ta sai cikin zolaya, shi ya sa kowa yake laluben hanya shi kaɗai. Ni shekaruna 48, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma aikin namu zama ne daga hantsi har la'asar sakaliya. Abin a hankali ya shigo. Kasala da rana, tumbi yana ta gaba, ƙeya tana nauyi da yamma, sannan sha'awar iyali ta ja baya har uwargida ta fara tambayar ko laifi ta yi min. Duk wanda na ɗan gutsura wa zancen amsarsa ɗaya ce: basir ne, ko kuma sanyi ne. Wani maƙwabcin shagona ya kawo min tsumi a robar ruwa, baƙi ƙirin, ya ce rabin kofin shayi bayan isha. Na ƙara da wani shayin ganye na kwali daga kemis ɗin magungunan Musulunci, da garin hulba, da man habbatus sauda. Tsumin yana aiki a daren da aka sha shi, wannan ba zan ɓoye ba. Amma kasalar tana nan, tumbin yana nan, ciwon kan ma ƙaruwa ya yi.

Ciwon kan ne ya kai ni asibiti, ba ɗaya matsalar ba. Na je wani babban asibitin gwamnati, kuma wanda bai taɓa zuwa ba ya sani cewa layin farko ba na likita ba ne, na buɗe fayil ne. Za ka karɓi takarda a wajen masu kati, ka je ka biya a wata taga daban, ka dawo da rasit, sannan a rubuta sunanka. Kuɗin fayil da na ganin likita a lokacin bai kai naira 5,000 ba, sai dai farashin komai yanzu ba ya kwana inda ya wuni. Wanda ya iso bayan ƙarfe 8 ya shirya wuni. Kafin a shiga wajen likita akwai teburin nas, inda ake awon jini da nauyi. Nawa ya nuna 156/98. Ta ce in zauna in huta, ta sake aunawa a ɗaya hannun, bai sauka wani abin kirki ba. Daga nan ta ɗauko tef irin wanda nake auna yadi da shi kullum, ta ce in ɗaga riga. Na ce mata ai ƙuguna inci 38 ne, tela ya sani. Ta ce, "Alhaji, tela a ƙasan tumbi yake aunawa, mu kuma a saitin cibiya." Tef ya tsaya a santimita 108, wato inci 42 da rabi. Ta ce ga namiji, daga santimita 94 ake fara sa ido.

Likitan da na samu yaro ne matashi, kuma na gode wa Allah da ya kasance namiji, domin bayan mun gama zancen ciwon kai ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, ya iyali? Akwai wata matsala ta wannan ɓangaren?" Da bai tambaya ba da haka zan fito. Tambayoyinsa sun ba ni mamaki. Ko gabana yana motsawa da asuba kamar da. Ko ina minshari, har a ce numfashina yana ɗaukewa cikin barci. Ko na taɓa yin hangum bayan na balaga, ko na taɓa buguwa a maraina. Ko ina shan tiramadol ko maganin tari mai kodin, don a cewarsa irin waɗannan ƙwayoyi suna karya sinadarin maza sosai, kuma mutane da yawa suna shan tiramadol ne da sunan ƙarin kuzari. Ya kuma tambayi ko ina da niyyar ƙara haihuwa. Na ce ƙwarai, amaryata ɗanta ɗaya. Ya rubuta wannan a fayil ya ja layi a ƙarƙashi, ban gane dalili ba sai daga baya. Ya ba ni doguwar takardar gwaji: suga na safe kafin a ci komai, wani gwajin suga da ake kira HbA1c mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, kitsen jini, aikin ƙoda da hanta, yawan jini, fitsari, hoton bugun zuciya, da kuma testosteron, wato shi sinadarin mazan.

A nan ne ruɗanin farko ya same ni. A ɗakin gwajin asibitin aka ce na testosteron babu kayan aikinsa a lokacin, sai dai a waje. Na biya wani lab mai zaman kansa bayan na tashi daga kasuwa, na ci shinkafa na kora da lemo, aka karɓi kuɗi sama da naira 15,000, aka ɗebi jini, ba wanda ya ce min uffan game da lokaci. Sakamako ya fito 190. Da na kai wa likita abin da ya fara dubawa shi ne ƙarfe nawa aka ɗebi jinin. Ya girgiza kai ya ce wannan takarda ba za a yi hukunci da ita ba. Sinadarin yana hawa ne cikin barci, ya kai ƙololuwa da safe, ya riƙa sauka zuwa yamma, kuma cin abinci, musamman mai zaƙi, yana ƙara saukar da shi na ɗan lokaci. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin da safe, kafin ƙarfe 10, ba a ci komai ba, kuma a maimaita a wata rana daban kafin a ce mutum yana da ƙarancinsa. Kuɗina sun tafi a banza ke nan. Ranar da na shirya maimaitawa kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, likita ya ce in dakata sai na warware sarai, don rashin lafiya ma tana sa sakamakon ya faɗi. Gwaji biyun da aka yi bisa ƙa'ida sun ba da 255 da 270.

Ruɗani na biyu na ma'auni ne. Wani lab yana rubuta sakamako da ng/dL, wani da nmol/L, sai ka ga wani yana cewa nasa 9 ne wani yana cewa 260, alhali kusan abu ɗaya suke faɗa. Lissafin shi ne a ninka na nmol/L sau 29, a samu kusan na ng/dL. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tana ɗaukar ƙasa da 300 a matsayin ƙaranci, wato kusan 10.4 a ɗaya ma'aunin, kuma sai an haɗa da alamomi a jiki, ba lamba kaɗai ba. Haka suga ma. Nawa na safe 6.6 ne, wanda a irin na'urar da ake sayarwa a kemis zai nuna kusan 119. Ciwon suga yana farawa daga 7.0, ko 126. HbA1c ɗina 6.2, kuma tsakanin 5.7 da 6.4 shi ne bakin ƙofa, 6.5 an shiga. Likitan ya tambayi jinina, na ce AS ne, ya ce wasu injinan HbA1c suna yin kuskure ga masu AS, don haka zai riƙa haɗawa da gwajin safe. Kitsen jini ma ya hau, mai amfanin kuma ya yi ƙasa. Ya ɗora ni kan amlodipine, maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kullum, ya rubuta min takardar zuwa asibitin likitocin suga da sinadaran jiki, ya ce in zo da duk abin da nake sha, har na gargajiya, kada in bar ko ƙulli ɗaya a gida.

Wannan asibitin rana ɗaya yake zama a mako, kuma ranar da aka ba ni ta yi nisa. Jiran ya fi komai ci min rai, domin a lokacin na riga na ƙudurta cewa allura kawai za a yi min in koma yadda nake. Har wani mai kemis ya ce min akwai allurar testosteron a wajensa, ba sai na jira kowa ba. Ranar da aka ba ni ta zo, fayil ɗina bai iso daga wajen masu kati ba sai da na bi shi da ƙafa, don haka duk takardar gwajin da aka ba ka, ka yi mata hoto a waya kafin ka miƙa. Babban likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya ƙara gwajin LH da prolaktin, waɗanda suke nuna ko matsalar daga maraina take ko daga umarnin da ƙwaƙwalwa take aikawa, da PSA na ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara. Da suka fito lafiya sai ya yi min bayanin da ya sauya min tunani. Ya ce kitsen tumbi ba ajiya ce kawai ba, yana da wani sinadari da yake juya testosteron ya koma irin na mata, shi kuma wannan ya sa ƙwaƙwalwa ta rage umarnin ƙera sabo. Testosteron in ya ragu tsoka ta ragu, kitse ya ƙaru, suga ya ƙi shiga inda ya kamata, abin ya yi ta zagaye. Ya ce jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya sirantaka, shi ya sa raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da wasu shekaru. "Alhaji," in ji shi, "in muka bar tumbi da hawan jini muka bi lambar nan, mun bar jaki muna dukan taiki."

Na tambaye shi allurar fa. Bai kushe ta ba. Ya ce akwai mazan da dole sai da ita, kamar wanda marainansa suka daina aiki. Ya ambaci wani babban bincike da aka fitar a 2023 mai suna TRAVERSE, a kan maza sama da 5,000 masu ƙarancin sinadarin da haɗarin ciwon zuciya, inda aka ga man testosteron na shafawa bai ƙara mummunan ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ɗan fi samun rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu ga masu amfani da shi. Ya ce maganin yana kauraya jini, dole a riƙa duba PCV, wato awon yawan jini, in ya kai kashi 54 a dakata. Sai ya buɗe fayil ya nuna min layin nan da yaron likita ya ja. Testosteron ɗin da aka shigar daga waje yana sa jiki ya daina ƙera nasa, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke gaba ɗaya, kuma dawowarsu takan ɗauki watanni. Mai neman haihuwa ba a fara masa da wannan. Na tuna mai kemis ɗin nan, jikina ya yi sanyi.

Ledar magungunana kuwa ya tura ni da ita wajen wata mai ilimin haɗa magunguna a famasin asibitin, kuma a nan na fi daɗewa. Ta jera su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe robar tsumin ta sansana, ta ɗaga ta a hasken taga, wani farin gari ya kwanta a gindinta. Ta ce, "Alhaji, in ka sha wannan fuskarka tana ɗaukar zafi? Hanci yana toshewa? Kai yana sarawa, ko ka ga fitila ta yi shuɗi-shuɗi?" Duk na amsa da e, ban da na fitilar. Ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada, amma waɗannan alamomin sildenafil ne, sinadarin da ke cikin Viagra, kuma hukumar NAFDAC da takwararta ta Amurka sun sha yin gargaɗi kan kayan ƙarfin maza da ake cewa na ganye ne zalla alhali an daka ƙwayar a ciki. Matsalar ba ƙwayar ba ce, likita ma yana rubuta ta. Matsalar ita ce ba wanda ya san adadin da aka zuba, kuma mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sakawa a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da ita jininsa yana iya faɗuwa warwas, har a rasa rai. Shayin kwalin kuma ta karanta bayansa ta nuna min irƙus-sus a jerin kayan haɗin. Wannan saiwa mai zaƙi tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, tana zubar da sinadarin potasiyam, tana hawar da jini. Ta ce mai awo irin nawa ya nisance ta. Ta kuma nuna min lambar NAFDAC da ke jikin wata kwalba mai harafin L a ƙarshe, ta ce wannan yana nufin an duba ba ya cutarwa aka sa shi a jeri, ba wai an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka lissafa a jikinsa ba.

Na zaci duka za ta ce in zubar, sai ta ware wasu gefe. Zoɓo ne ta fi yabawa. Ta ce a 2010 an yi gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka a kan mutum 65, masu shan kofi uku na shayin zoɓo kullum na mako shida, lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan maki 7. Wato yana taimakawa, amma wanda yake 156 ba zai sauko inda ake so da zoɓo kaɗai ba. Kuma zoɓon da take nufi ba namu na biki ba ne da ake juye masa suga da filebo. Abin dariya, tirela-tirela ake lodinsa daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, mu kuma nan muna sayen lemon kwalba. Hulba ta ce tana ɗan sassauta suga bayan cin abinci, don haka mai shan maganin suga ya riƙa awo kada ya faɗi da yawa, amma batun ƙara testosteron binciken ƙanana ne, da yawansu kuma masu sayar da kayan ne suka ɗauki nauyi. Habbatus sauda ta ce in ci gaba da abata daidai kima, ba wanda yake jayayya da falalarta, sai dai ba ta soke amlodipine. Tafarnuwa a cikin miya ba laifi, amma mai shan asfirin ko warfarin ya yi hattara da yawanta, don tana ƙara tsinka jini. Kirfa kuma irin wadda ta cika kasuwa tana da wani sinadari mai wahalar da hanta in aka mayar da ita abin sha da cokali kullum. Ƙa'idar da ta ba ni ita ce in ƙara abu ɗaya kawai a lokaci guda, in riƙa rubuta awon jinina, ta yadda in wani abu ya canja za a san mai laifi.

Akwai wani dattijo mai magani a unguwarmu da muke kira Baba, tun kakanninsa sana'arsu ke nan, ba irin masu lasifika a kan mota ba. Na kai masa labarin duka. Bai ji haushi ba, ya ce shi duk maganin da yake aiki cikin rabin awa ba daga daji ya fito ba. Ya buɗe min ƙullin da yake ba masu kasala, citta ce da kanumfari da masoro da zogale da 'yar jar kanwa. Na ce masa an ce kanwa danginsu ɗaya da gishiri wajen hawar da jini. Ya ce, "To ɗana, a cire ta, ai ba ita ce maganin ba." Ni a ganina mai maganin da zai gaya maka abin da ya haɗa, ya kuma yarda ka kai wa likita ya gani, shi ne abokin tafiya. Wanda ya ce sirri ne, ka bar masa sirrinsa.

Zangon ƙarshe shi ne ofishin masu ba da shawara kan abinci, kuma shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi wuya. Ba a hana ni tuwo ba, an rage malmala ne aka ƙara miyar ganye, wake da kifi. Shayin safe mai madarar gwangwani da suga cokali uku ya tafi, lemon kwalba ya tafi, fura ta koma ba suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya wuce giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin, wanda sai da na zauna da matan gida biyu kafin a daidaita tukunya. Na fara sauka daga adaidaita tun kafin kasuwa in ƙarasa da ƙafa, da yamma kuma in zagaya bayan magariba. An ja min kunne kan barci, domin a wani gwaji da aka yi a Chicago a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar na mako guda testosteron ɗinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15. Hirar dare a majalisa ta ragu ke nan. Gwajin minshari da babban likita ya so a yi har yau ban yi ba, kuɗinsa ya fi ƙarfina a yanzu.

Bayan wasu watanni na koma da sababbin takardu. Tef ya nuna 100, jini yana yawo a wajen 134/84, HbA1c ya dawo 5.8, testosteron na safe 325. Ba wata lamba ce ta a zo a gani ba, amma kasalar rana ta tafi, kuma gida an daina tambayata ko an yi min laifi. Amlodipine yana ɗan kumbura min idon sawu da yamma, na faɗa, likita ya ce in ya dame ni akwai wanda za a canja min. Wanda zai bi wannan hanya ya tanadi kuɗin gwaji fiye da na magani, don gwajin ne yake cin kuɗi, kuma mai inshorar lafiya ya tambaya tun farko ko tana ɗaukar gwajin sinadarai, ya karɓi lambar amincewa kafin a ɗebi jini, ba bayan an ɗiba ba. Ya riƙa maimaita gwajinsa a lab ɗaya, don injina suna bambanta. Ya sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ya ajiye ɗan littafi. Ya je da ledar magungunansa ko da kunya za ta kashe shi, kuma in yana son haihuwa ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

Babban likitan ya ce zai sake duba ni nan gaba. In lambar ta koma ƙasa kuma alamomin suka dawo, akwai magunguna irin su clomiphene da allurar hCG waɗanda suke zaburar da jiki ya ƙera nasa ba tare da kashe ƙwayoyin haihuwa ba, amma a hannun likita ake shan su, da gwaji a kai a kai. Ya kuma ce in zo kafin azumi a tsara lokacin shan ƙwayar hawan jini tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma zoɓon shan ruwa a dafa nawa daban kafin a zuba wa na yara suga.